Bugu Uku a Bangon Ɗakin Baba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, sauraron bangon gidansu yake yi.

Ta fito daga ɗakin ɗinkinta da tef a wuya, sai ga mutum a baranda ya kafa wani siririn ƙarfe a jikin bango, ɗaya bakin a kunnensa, idonsa a rufe kamar mai satar jin gulma. Mai gyaran famfo ne da Mama ta sa aka kira, don ruwan gidan ya koma ɗigo-ɗigo, kwatar kicin kuma ta toshe tana wari.

"Malam, me bangon ya ce?" ta tambaya tana danne dariya.

Ya buɗe ido. Sai da ya gama kallonta tsaf kafin ya tuna an yi masa tambaya.

"Ya ce tsatsa ta shaƙe masa wuya. Amma akwai wata maganar da ya ƙi gaya mini."

Nan take dariyar ta maƙale mata, domin ta san maganar.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Baba, kuma tun daga lokacin ɗakinsa a kulle yake, mukullin yana ƙarƙashin matashin Mama. Kullum da la'asar, daidai lokacin da yakan dawo daga aiki, sai a ji bugu uku daga cikin bangon ɗakin. A hankali, kamar na baƙo mai kunya. Mama takan ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Sannu da zuwa," ƙasa-ƙasa. Auta kuwa takan ƙara taka keken ɗinki don kada ta ji.

Kafin azahar mai famfo ya gama. Ya kwance makunnin babban bututun da ke shigo da ruwa, ya kankare tsatsar da ta cushe shi, ya zaƙulo maiƙo da wani ƙaramin cokali daga kwata. Da zai tafi ya karɓi lambarta, wai ko da aikin zai dawo. Ko ƙofar gida ba a gama rufewa ba saƙo ya shigo.

"Mai famfo ne. Tun da na fito daga gidanku hankalina ke yoyo, na rasa inda zan ɗaure."

"Ka nemi ƙwararre. Ni tela ce."

"To ki ɗinke mini shi, Telata."

Ta karanta ya fi sau goma, har ta ɗinka hannun riga a baibai. Cikin wata biyu ta san sautin babur ɗinsa tun daga kwanar layi, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba, tana sonsa so mai tsanani.

Sai dai tun daga ranar da ya yi aikin nan bugun ya sauya. Yanzu in la'asar ta yi, bangon har rawa yake yi, agogon baranda ya karkace. Wata lema ta fito a jikin fenti, tana hawa kullum, har ta kai tsayin mutum, da faɗi daga sama kamar kafaɗu. Wajen ya ɗauki wani sanyi da ƙamshin ƙasa, ko da rana na tsaka.

Da Auta ta kawo maganar aure, Mama ba ta ko ɗaga murya ba.

"Tun da yaron nan ya taka gidan nan mahaifinki bai huta ba. A da sallama yake yi, yanzu faɗa yake yi. Ba zan ba da ke ga wanda ya ƙi ba."

Ɗan Kawu, wanda ya daɗe yana zaryar neman aurenta da turarensa mai hawa kai, ya samu ƙofa. Mutum ne da ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa da hannunsa ba, amma ranar ya zama masanin famfo.

"Ƙanwata, ai halinsu ne," in ji shi. "Su gyara nan su ɓata can, don a sake kiransu. Ki tambaye shi mana."

Kunya ta sa ba ta taɓa ba mai famfo labarin bugun ba. Ranar ta rubuta masa duka, ta rufe da cewa, "Ka gaya mini gaskiya. Kai ka sa ya ƙaru?"

"Ina zargin ni ne. Ki bari in zo da la'asar in ji da kunnena."

Kalmomin farko kawai ta gani. Ta kashe wayar, ta jefa cikin kwandon ƙyallaye, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

A kwana na tara, Mama ta fita unguwa, gidan ya yi tsit. Auta ta tsaya gaban lemar, ta ɗora tafin hannunta a inda ƙirji zai kasance.

"Baba, in kai ne, me na yi maka?"

Bugun ya sauka a cikin tafinta. Ɗaya. Biyu. Uku. Sanyinsa ya ratsa har kafaɗarta, tsigar jikinta ta tashi. Tana shirin zurawa da gudu sai ta ji famfon kicin ya yi tari, ya tofar da iska, ruwan unguwa ya iso. Shekara biyu ƙarar kekenta na rufe mata wannan tarin.

Ta tono wayar ta kunna. Saƙonsa na ƙarshe ya ce: "Telata, ko ba za ki aure ni ba, ki bar ni in duba bangon nan. Jiƙaƙƙen bango faɗuwa yake yi, kuma a gefensa kike ɗinki."

Ta rubuta masa ya zo. Washegari ya iso kafin la'asar, ya durƙusa ya gaida Mama, ta amsa da ƙyar. Ya miƙa mata siririn ƙarfen da hannu biyu.

"Mama, ban ce ki yarda da ni ba. Ki saurara da kanki."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta karɓa ta kafa a bango. Da lokacin ya yi, Auta ta ga fuskar Mama ta sauya tun kafin bugun ya zo.

"Wani abu na tahowa da gudu," Mama ta ce a hankali. Bangon ya girgiza sau uku. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta shiga ɗakinta ta fito da mukulli.

Ƙofar ta buɗe da ƙara. Takalman Baba na nan a jere, tabaransa a kan tebur, ƙura ta lulluɓe komai. Bangon ya yi baƙi, yana naso. Mai famfo ya cire takalmansa, ya bi bangon da ƙarfensa taku bayan taku, har kusurwar da ke kallon titi.

"Akwai bututu a nan, Mama. Ina ya nufa?"

Mama ta zauna a bakin gadon.

"Famfon waje," ta ce. "Da hannunsa ya ja shi, don maƙwabta da masu wucewa. Bayan rasuwarsa kawunku ya ce yana jawo taɓo da hayaniya a ƙofar gida. Aka cire, aka toshe, aka shafe da siminti. Ni na ce a toshe."

"To shi ne," ya ce cikin ladabi. "Da la'asar ake sako ruwa. In ya taho sai ya tarar da hanya a rufe, ya daki toshiyar. A da tsatsa ce ke rage masa ƙarfi, ni na kankare ta. Laifina ne da ban bi layin har ƙarshe ba."

Mama ta share ido da bayan hannu.

"Kai ka ce ruwa ne. Ni na san mai bugawa, kuma yanzu na san abin da yake nema. Je ka buɗe masa."

Ya fasa simintin, ya canza guntun da ya tsage, ya sa sabon kan famfo, ya ja 'yar kwata zuwa lambatu don kada taɓo ya sake zama hujja. Washegari da la'asar su uku suka tsaya a baranda, ba mai ko tari. Agogo ya wuce lokacin. Bangon bai ce komai ba. Can sai suka ji ruwa na zuba a bokitin wata maƙwabciya, tana ta sa albarka ga wanda ba ya nan.

Mama ta yi kuka mai isarta, sannan ta dubi mai famfo.

"Ɗana, ka turo manyanka."

Ɗan Kawu ya ɗauke ƙafa, sai ƙamshin turarensa da ya yi sati bai bar kujera ba.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ranar da ango ya zo ɗaukarta, la'asar ta yi suna sallama da Mama a baranda. Bangon ya bushe, an yi masa sabon fenti, ana jin famfon waje na zuba. Auta na durƙushe tana hawaye, sai aka buga sau ɗaya daga cikin bangon, a hankali.

Ta kama hannun mijinta. Ya karkata kai ya saurara, ya daɗe.

"Wannan fa?" ta raɗa masa.

"Wannan ba aikina ba ne, Telata."

Mama ta yi murmushi, ta dafa kan kowannensu.

"Ya amsa," ta ce. "Ku tashi ku je. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, kada ya sa ku taɓa rufe wa mai ƙishi ƙofa."

Suka ce amin tare.