Ɗigon da Laure Ta Auna

A wani gari, a ɗakin bincike, malama ta ba ɗalibanta biyu, Kulu da Laure, farantin renon ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi. Ta ce, "Ku sirka shi da ruwa. Ɗigo ɗaya a faranti zai kashe ƙwayoyi marasa amfani, ya bar waɗanda za su samar da maganin ciwon suga."

Kulu ta ce, "Ni sauri nake yi." Sai ta tuttula maganin a farantinta ba awo.

Laure kuwa ta auna, ta sake aunawa, sannan ta ɗiga.

Da safe, farantin Kulu wayam, komai ya mutu. Farantin Laure kuwa ya cika da fararen ƙwayoyi masu rai, suna sheƙi kamar tsakiyar ado.

Kulu ta daɗe tana kallo, ta ce a hankali, "Ikon Allah. Laure, koya mini awon nan."