Inda Umma Ta Bar Kujera

Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da ƙofa, haka Auta ta lallaɓo cikin garejin. Tsohuwar mota ce ruwan toka, ƙofar direba ta lotsa, ta sunkuya, ta ƙi rufuwa. Mai gyaran jikin motar, wanda kowa ke kira Bahago don da hagu yake riƙe guduma, ya ɗago zai ce mata aiki ya yi masa yawa. Da ya ga idanunta taf da hawaye, sai ya ajiye gudumar.

"Sannu da aiki, Malam. Don Allah ƙofar nan za ta gyaru?"

"Sannu da zuwa, Malama. Ita ta tsokani gini, ko gini ne ya tsokane ta?"

Ba ta yi dariya ba. "Baya nake yi ban rufe ta ba, ginshiƙin get ya kama ta. Motar Ummata ce, Allah ya ji ƙanta. Abba ya yi tafiya. In ya dawo ya gan ta haka, ban san inda zan sa kaina ba."

Ya yi wa mamaciyar addu'a, ya durƙusa ya tallabi ƙofar daga ƙasa, ya ɗaga, ya saki. Ya ce hinjin sama, inda ƙofar ke rataye, shi ne ya buɗe, shi ya sa ba ta haɗuwa da ƙarfen da ke kama ta. Lotsawar kuma daga ciki zai bi ta a hankali, kada fenti ya tsage.

Ta bar masa makulli da lambar waya. Makullin ya rataye a ƙusa, lambar kuwa kafin ta kai bakin titi ya haddace ta.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Malama, na kwance ƙofa. Ba ta da karaya, targaɗe ne. Ki ci abinci."

Ta amsa: "Wa ya ce maka ban ci ba?"

"Muryarki jiya."

Daga nan kullum sai ta biyo ta garejin, wai duba aiki. Takan zauna a kan benci, gabanta na faɗuwa duk lokacin da ya ɗaga guduma. Shi kuwa ya sa fitila a gefen ƙofar yana bin inuwar lotsawar, ya tura nan, ya ƙwanƙwasa can, ya shafa da tafin hannu ido rufe. Gyaran da bai kamata ya daɗe ba sai ga shi yana jan ƙafa, kuma ba wanda ya yi ƙorafi a cikinsu. Kafin a mayar da ƙofa, Malama ta koma Autata, Malam ya koma Bahagona.

Ranar karɓar mota ya ce ta tura ƙofar da ɗan yatsa ɗaya. Ta tura, ta ji ta rufe ƙyat, ba ƙara, ba tazara. Ta duba ta hasken rana ta rasa inda lotsawar take. Dariya ta ƙwace mata, har ta tafa hannu.

"Akwai kuma tukuici," in ji shi, yana washe baki. "Kujerar direba ai ta mutu. Da na zo kwance notin hinji ta tare mini hanya, na leƙa ƙasa na ga waya ce ta tsinke. Na haɗa ta. Yanzu gaba, baya, sama, ƙasa, duk tana yi."

Auta ta zauna. Ta miƙa ƙafa, ba ta kai birki ba. Nan take jikinta ya yi sanyi.

"Innalillahi. Bahago, me ka yi?"

"Gyara na yi, Autata."

"Wa ya ce ka gyara? Umma ce ta tuƙa motar nan a fitarta ta ƙarshe. A inda ta bar kujerar, a nan ta tsaya. Abba da tsawonsa haka yake shiga ya takure, gwiwa na gogar sitiyari, shekara da shekaru. Duk mai gyaran da ya ce zai taɓa, sai ya kore shi."

Ita ba ta faɗa masa ba, don tsayinta ɗaya da Umma, ba ta taɓa jin kujerar a matsayin matsala ba. Shi kuma bai tambaya ba, don mai gyara in ya ga waya a tsinke hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ya danna madannin gefen kujerar, ya matso da ita gaba, ya ɗaga, ya sauke. Ta zauna ta tashi, ta sake zama. "Ba nan ba ne," take ta cewa tana kuka. "Ya yi kusa, amma ba nan ba ne."

Abba ya dawo. Da safe ya buɗe motar, ko kallon ƙofar bai yi ba, ya zauna. Auta na laɓe bayan labule tana leƙensa. Ya daɗe a zaune bai kunna ba. Da ya fito ya lulluɓe motar da tamfol, ya kira ta. Ta durƙusa ta faɗi komai, har da cewa mai gyaran yana son turo manyansa.

"Ƙofa ƙarfe ce, da kin bar mini ita a lotse," in ji Abba, murya ƙasa-ƙasa. "Wanda zai sa hannu a abin da ba a sa shi ba, ba zan ba shi 'yata ba. Kada in ƙara jin zancensa."

Akwai wani dillalin motoci, ɗan aminin Abba, da ya daɗe yana zarya a gidan, ido ɗaya a kan Auta, ɗaya a kan tsohuwar motar. Da ya ji labari sai ga shi da turare kamar an yi ɓarinsa. Ya ce tunda ganin motar na tayar wa Baba hankali, gara a fitar da ita, shi zai kawo sabuwa. Abba, da ko kallon tamfol ɗin ba ya iya yi, ya ce ya zo ya ɗauka. Dillali bai tsaya nan ba, ya biya ta garejin ya yi ta baza cewa mota da mai mota duk sun kusa komawa gidansa.

Bahago ya ji, ya yi shiru. Auta ta ga shiru, ta ɗauka ya gudu ya bar ta da ɓarnar. Ta rame, abinci sai Gwaggo, ƙanwar Abba, ta tsare ta take ci. Da ta kasa daurewa ta rubuta: "Ka ɓata, ka kuma ɓace. Haka ake yi?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Autata, an ce an ba da ke. Na ji kunyar in dame ki bayan abin da na jawo. Ko guduma na kasa riƙewa."

"Mota aka bayar, ba ni ba. Gobe da safe za a ɗauke ta. In ta fita daga gidan nan, Abba ba zai taɓa yafe maka ba. Ina tsoro, Bahagona."

"Ni ma. Amma akwai abin da na gani a jikin ƙofar nan. Ban tabbata ba. Zan zo, ko da kora ce."

Da safe dillali na tsaye yana kaɗa makulli, an yaye tamfol, sai ga Bahago a bakin get, cikin wankakkun kaya, hannu ba ko sifana. Ya durƙusa nesa da Abba.

"Baba, na yi laifi, ban zo kare kaina ba. Izini na zo nema, wanda ya kamata in nema tun farko."

"Iznin me kuma?"

"A jikin ƙofar akwai 'yan maɓallai biyu, masu lamba ɗaya da biyu. Irin wannan kujera tana riƙe zaman mai ita, in an ajiye mata. Tun da wayar ta tsinke suka mutu tare da ita. Da nake goge ƙofar na ga lambar na ɗayan ta kusa gogewa don yawan dannawa. Wataƙila Umma ta ajiye zamanta a ciki. Wataƙila kuma ya goge. Ban danna ba, ba kuma zan danna ba. In ba a dace ba, ba za ka ƙara ganina ba."

Dillali ya yi tsaki ya ce ana ɓata masa lokaci. Gwaggo ta ce masa ya ja bakinsa. Auta ta ƙanƙame hannun Gwaggo.

Abba ya karɓi makullin, ya kunna motar daga tsaye. Ya kai yatsa, ya janye, ya sake kaiwa, ya danna na ɗaya. Shiru. Auta ta runtse ido. Can sai ga wani ɗan gurnani daga ƙasa, kujerar ta taso gaba a hankali, ta ɗaga, bayanta ya miƙe, ta tsaya.

Abba ya sunkuya ya shiga. Gwiwarsa ta dama ta sauka daidai inda ta cinye fatar ƙasan sitiyarin. Ya kifa kai, kafaɗunsa na girgiza.

"Nan ne," ya ce. "Nan ta bar ta."

Da ya ɗago ya tsura wa maɓalli na biyu ido, wanda lambarsa ke nan sabuwa fil. Ya danna. Kujerar ta ja baya da shi, ta sauka, ƙafafunsa suka miƙe, bayansa ya samu wurinsa. Ya yi dariya hawaye na zuba.

"Ranar da aka kawo motar nan ta ce in zauna ta auna ni. Na ce ba ni da lokacin wasan yara. Sai da ta zaunar da ni. Ashe abin da ta yi ke nan." Ya share fuska. "Ni ina ta takure kaina saboda ita, ita kuwa tuni ta gyara mini wurina."

Ya zare makullin ya sa a aljihu, ya ce wa dillali ya gai da mahaifinsa. Sannan ya dubi wanda ke durƙushe.

"Kai, mai hannun ƙaiƙayi. Tashi. Ka ce manyanka su zo."

Auta ta ɓoye fuska a kafaɗar Gwaggo, tana kuka tana dariya.

Bayan an ɗaura aure Abba ya ce ba wanda zai kai 'yarsa gidanta sai shi, a motar uwarta. Ya danna na biyu ya tuƙa su. A ƙofar gidan ya dafa kansu, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa su tsufa tare. Ya juya ga ango.

"Ɗana, duk abin da ka gani a gidan nan kamar ya lalace, ka tambaye ta kafin ka gyara."

"In sha Allah, Baba," in ji Bahago. Auta ta matse hannunsa na hagu a ƙarƙashin mayafi.

Abba ya koma gida shi kaɗai. Ya tsaya a cikin get, ya fito, kafin ya kashe motar ya danna na ɗaya, ya jira kujerar ta koma wurin Umma. Sannan ya tura ƙofar da ɗan yatsa, ta rufe.