Abin da Fanka Ta Haɗiye

Rakiya ta tsaya a ƙofar shagon gyaran na'urori ta toshe hanci da gefen mayafi. Wayoyi zube a ƙasa kamar hanjin akuya, kwanon shinkafa da wake na jiya a kan tebur, ƙudaje na ta hidimarsu. Mai shagon kuwa, wani dogon saurayi mai suna Alkasum, faratansa goma baƙi ƙirin.

Duk Birnin Damagaram an san Rakiya 'yar Malam Illa baduku da ƙyanƙyami. Ko kofin ruwa aka miƙo mata sai ta shinshina. Amma dole ƙanwar na ƙi. Damina ta ƙi a bara, rumbunan ƙauyukan Dogo da Gaffati sun koma wayam, ita ce kuma furoje, wato shirin rabon hatsi, ya ɗauka ta riƙe sunayen gidajen da za a bai wa gero. Gida ɗari huɗu da goma sha biyu, duk suna cikin ordinater ɗin, wato kwamfutar da ke hammatarta. Ita kuwa ordinater ɗin ba ta minti ashirin sai ta mutu.

"Sannu da aiki, malam. An ce kana gyara."

"Ina taɓawa. A ina kike ajiye ta idan kina aiki?"

"A magazin ɗin ajiyar hatsi, bisa buhun gero. Amma ina shimfiɗa mata zane mai tsabta."

Ya yi murmushi, ya kifa ta, ya kwance bayanta. Sai ga ƙaiƙayin gero ya dunƙule a kan fanka kamar sheƙar ɓera. Ya sa tsinke ya taɓa, kyankyasai biyu suka fito da gudu, na uku ya riga ya bushe a ciki.

Rakiya ta yi tsalle har takalminta ɗaya ya fita. "Innalillahi! Wannan nake rungumewa kullum?"

"Ita ce. Hancinta kika toshe da zanenki mai tsabta."

Ta ja da baya tana kakkaɓe mayafi. Shi kuwa ya share komai tsaf, sannan ya sa mata wata 'yar manhaja da ya rubuta da kansa.

"Na'ura ta san ciwonta," ya ce. "Akwai ma'aunai a cikinta. Ta san zafin jikinta, ta san ko fanka na juyawa, ta san abin da ya rage na ran batiri, har awannin da diski ya yi yana aiki. Ba ta dai faɗa sai an tambaye ta. Wannan abin, duk daƙiƙa biyar yake tambayarta ya rubuta miki a nan gefe. Layi kore lafiya, ja kuwa ki adana aikinki ki kashe. Ki riƙa turo mini lambobin kullum."

Ta miƙa masa kuɗin aikinsa da 'yan yatsu biyu, don kada hannunsu ya haɗu.

Washegari ta tura saƙon farko: "Zafi 58. Fanka 2900. Layi kore. Don Allah ka yanke farce."

Amsa ta zo nan take: "Alhamdu lillahi, marar lafiya ta samu sauƙi. Farce kuwa, Gimbiyar Tsabta, baƙin ya zama ɗan gida."

Ta ja tsaki, amma ta karanta sau uku. Kafin wata ya ƙare lambobin sun koma layi ɗaya, sauran saƙon ya zama na wani abu dabam.

"Likitana, zafi 60. Yau wata tsohuwa a Dogo ta ce mini ganyen jiga suke dafawa. Na kasa cin abinci."

"Gimbiyata, ki ci. Idan kin faɗi, wa zai kira sunanta ranar rabo? Ni ma ina buƙatarki a tsaye."

Da maganar ta kai kunnen Malam Illa, sai ya ajiye basillar da ke hannunsa.

"Ɗan Dogo mai tonon tarkace? Gonar ubansa ko kara ba ta yi ba. Ke da ba ki iya zama kusa da jimar fata, za ki zauna da wannan? Ga Lawan nan yana ta zarya."

Lawan ɗan kasuwa ne daga Kano, yana kawo kayan lantarki Damagaram. Farar shadda, farce a yanke, turarensa kan riga shi shiga zaure. A faɗi gaskiya, Rakiya ba ta ƙi ganin wannan tsabtar ba. Ranar wata Juma'a ya kawo mata kyauta, ordinater baƙa mai sheƙi a cikin leda.

"Sabuwa dal, ranki ya daɗe. Ki yar da waccan akwalar."

Ta kwafi sunayen ta zuba a ciki, ta sa mata manhajar Alkasum. Layi ya fito ja wur. Ta ɗauki duka biyun ta nufi shago, tsohuwar don a share mata ƙura, sabuwar don tambaya.

Alkasum ya daɗe yana kallon lambobin. "Fanka sifili, ba ta juyawa ko kaɗan. Batiri saura kashi goma sha takwas na ransa. Diski ya yi awa dubu ashirin da shida. Gimbiya, wannan ta yi kusan shekara uku a kunne. Kada ki kai ta Gaffati."

Ta kira Lawan a gabansa. Dariya ya yi a waya. "Haba! Shi ya rubuta abin, ai abin da ya so zai nuna. Kishi ne kawai."

Maganar ta shige ta. Ta dubi kwanon da ke kan tebur, ta dubi faratan nan, ta dubi ledar Lawan mai ƙyalli, sai komai na shagon ya ba ta ƙyama. Ta suri sabuwar ta fita, ta manta tsohuwar. Kafin ta kai gida ta tura masa:

"Na ɗauka ƙazantar a farce ta tsaya. Kada ka sake kirana."

Ya amsa da layi ɗaya: "To. Amma idan ta yi ƙara, ki adana ki kashe."

Ranar rabo a Gaffati, tun hantsi mata suka cika gindin gawo da ƙoransu da buhunan da babu komai ciki. Rana kamar ta sauko ƙasa. Rakiya ta fara kiran suna, masu awo na zubawa. A suna na talatin da bakwai manhajar ta fara ƙara, zafi casa'in da shida. Ta kau da kai, don girman kai ya hana ta kashewa. A na arba'in da ɗaya fuskar ordinater ta yi baƙi, wani wari kamar na ƙonannen gashi ya taso.

Ta danna, ta jijjiga, ta hura. Shiru. Shugaban rabon ya ce ba za a buɗe buhu ko ɗaya ba sai da suna. Wata tsohuwa ta matso da ƙwaryarta a ka.

"'Yar nan, sunana ne ya ƙone a ciki?"

Rakiya ba ta taɓa jin ƙyamar kanta ba sai a ranar. Ta ɗauko waya ta rubuta: "Likitana, ta mutu. Mata na jira a rana. Ka yafe mini."

Kafin azahar sai ga shi a kan moto, wato babur, tsohuwar ordinater ɗaure a ƙirjinsa, gumi ya jiƙa rigar. Ya sauka ya kwance ta. Ya samo duwatsu huɗu ya ɗora ta a kai don iska ta ratsa ƙasanta, ya kunna. Layi kore. Rakiya ta kira suna na arba'in da biyu da muryar da ta sha kuka, tsohuwar nan ta ce, "Ga ni."

Washegari bayan la'asar Rakiya ta roƙi Babanta ya kira Alkasum da Lawan zaure. Alkasum ya durƙusa ya gaida Malam Illa, ya kwance kyautar Lawan a kan tabarma. Fankar ta daskare da wani baƙin maiƙo. An liƙe batirin da cingam da wani ya tauna. Ƙwan kyankyasai jere a lungu, da silin gashin wani da ba a san ko wane ne ba. A tsakiya kuma an cusa ɗan ƙullin auduga.

"Haka aka sayar mini a kwali, Baba," in ji Lawan. "Ni ma cuta ta aka yi."

Rakiya, wadda ba ta taɓa abin da ba ta wanke ba, ta sa hannu ta ɗauko audugar ta kai hanci. Ta miƙa wa Babanta.

"Baba, shinshina. Turaren da ke jikin rigarsa ne, da shi ya ɓoye warinta."

Malam Illa ya shinshina audugar, ya ɗaga kai ya shaƙi iskar zauren. Ya zuba wa Lawan ido har Lawan ya fara gyara hula.

"Shekara arba'in ina aikin fata," ya ce. "Wadda ta ruɓe ita ake cika wa rini. Na san wannan tun ina yaro, amma na manta da shi a kan 'yata. Tashi ka ba ni wuri, ka kwashe mushenka." Ya juya ga Alkasum. "Kai kuma, ka ce wa manyanka ina jiran su."

Damina ta gaba Allah ya kawo ruwa, aka ɗaura aure bayan girbi. Mutanen Dogo suka zo da damman sabon gero, matan Gaffati suka aiko da kaza biyu da addu'a mai yawa.

Kwana uku da tarewa, da safe, Rakiya ta zaunar da angonta a tsakar gida da ruwan ɗumi da sabulu da tsinke. Ta kama hannunsa ta yi ta gurza, yatsa bayan yatsa. Baƙin nan ko gezau.

"Na gaya miki ɗan gida ne, Gimbiya."

Ta ajiye tsinken, ta riƙe hannun da hannayenta biyu, ba ta saki ba.

"To ya zauna," ta ce. "Ni ma na zo zama."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya cika rumbunan Damagaram, ya raba mu da ruɓaɓɓen abu mai ƙamshi.