Shafi na Bakwai Daga Hagu

Ranar da suka fara haɗuwa, Auta na tsaye a bayan kantar kemis ɗin da take aiki, mutum shida na jiran rasit, ita kuwa sai zagaya linzamin kwamfuta take yi a allo tana neman maɓallin firinta.

"Wallahi jiya a nan na bar shi," ta faɗa kamar za ta yi kuka.

"Bai ɓata ba, ƙaura ya yi," in ji wani dogon saurayi a layin. Ya nuna mata wasu ɗigo uku a kusurwa. "Burauzar ce, manhajar da kike shiga intanet da ita, ta sabunta kanta. Da duk wata suke sakin sabuwa, yanzu duk sati biyu ne."

"To wa suka tambaya?"

Ya tuntsire da dariya. Mai gyaran kwamfuta ne, kowa Injiniya yake ce masa. Maganin mura ya zo saye, ya tafi da lambarta ya manta maganin.

Tun daga nan duk sati biyu sai saƙonsa ya shigo: "Tauraruwata, sabuwa ta fito. Shafuka sun koma gefe a jere. Kada ki rikice, ni ina nan inda kika bar ni."

Ta rikice ɗin, amma ba burauza ce ta rikita ta ba.

Ranar da ya zo gaida Baba, mahaifin Auta, aka yi ɓarnar. Baba tsohon malamin makaranta ne, yana da kwamfutar tebur a falo da ya hana kowa taɓawa. Ya fita amsa waya, Injiniya ya hango alamar sabuntawa ta yi ja, an bar burauzar a baya shekara biyu. Hannun mai gyara ba ya jin magana. Ya latsa, yana murna zai burge suruki.

Baba ya dawo ya tsaya cak.

"Ina shafina? Na bakwai daga hagu?"

Babu hagu babu dama, shafuka sun jeru a gefe, rabinsu babu.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji Baba. "Wanda zai shigo gida ya sauya wa abu wuri bai tambaya ba, ba zan ba shi 'yata ba."

Ya lulluɓe kwamfutar da zane. Auta ta tambaye shi me ke cikin shafin, ya tashi ya shige ɗaki. Ta rasa gane kan abin, a ce a kan shafin intanet za ta rasa wanda take so? Goggo, ƙanwar Baba, kuwa tuni ta fara tallan ɗan ƙawarta mai shagon tayoyi, wanda ko makunnin kwamfuta bai sani ba. Baba ya ce wannan ya yi masa.

Ana kwana ashirin da takwas da faruwar abin saƙon Injiniya ya shigo: "Tauraruwata, na karanta bayanin sabuwar kaf. Shafin da aka daɗe ba a latsa ba tana ɓoye shi a ma'ajiya, bayan kwana talatin ta goge. Saura biyu. Ki duba ƙasan jerin, akwai ɗan akwati. Amma ki fara tambayar Baba."

Ta tambaya. Baba ya yaye zanen da kansa.

Ta latsa akwatin. Sai ga labule kore mai zanen ganye, a shafin wani shago. Ta juyo a ruɗe.

"Labule, Baba?"

"Mamanku ce ta buɗe shi, sati guda kafin a kwantar da ita asibiti." Ya cire tabarau. "Ta ce shi za ta saka miki a ɗakinki in kin yi aure. Ta ce kada in rufe, za ta dawo ta ƙarasa dubawa. Ba ta dawo ba, a can ta rasu. Ko latsa shi ba na yi, don kada ya canza. Kansa kawai nake kallo a sama."

Auta ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi ba.

Washegari Baba ya ce a kira yaron. Injiniya ya zauna a ƙasa, hannuwansa biyu a harɗe a baya.

"Baba, akwai wata burauza mai tafiyar hawainiya, sai shekara take sauya kama. In saka maka?"

"Yanzu ka iya tambaya?"

"Na iya, Baba."

"To saka. In ka gama ka turo iyayenka."

Shagon ya daina sayar da labulen, sai Injiniya ya buga hoton a takarda, ya bi kasuwa rumfa-rumfa har ya samo yadin, tela ya ɗinka.

Ranar da aka ɗaura aure Baba ya shiga ɗakin amarya, ya shafa labulen ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya jiƙan wadda ta zaɓa." Da ya koma gida ya zauna gaban kwamfutar, ya kama linzami, ya rufe shafin da hannunsa.