Ruwan da Kawu Tanimu Ya Kawo Gida

Ke Ladiyo, ajiye kwanon nan. Miyar kuɓewa ce ko? Ajiye, za ki gode mini. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba.

Kun san tirelar nan da ke cin tsatsa a bayan gidan Kawu Tanimu? Ta jirgi ce. Ɗan ƙaramin jirgin ruwa, ba inji, sai doguwar sanda da farin zane da iska ke turawa. Kawu ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Ya wanke, ya goge, ya shafa fenti, ya ɗinke zanen da hannunsa. Ko da takalmi ba a shiga. Ranar Asabar ya ɗaura tirelar a bayan mota, sai dam.

Masuntan wurin sun ja masa kunne a kan abu ɗaya. In ka fito da jirgi, cire toshiyar gindinsa a bakin ruwa, ya tsiyaye tas. Ruwan dam a dam ake barinsa.

Ran nan da rana tsaka iska ta ɗauke cak. Yana tsakiyar ruwa, shi kaɗai. Sai ya ji ƙarni. Ya waiga. Wata tsohuwa ce zaune a goshin jirgin, zanenta sharkaf, gansakuka har wuya.

"Sannu, Iya," in ji shi.

"Kai ni gaɓa."

Muryar kamar ana ɗura ruwa a tulu. Ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ba ta da ƙafa. Daga gwiwa zuwa ƙasa matsattsaku ne cunkus, suna motsi, wani baƙin ruwa mai yauƙi na ɗiga daga cikinsu. Tir!

Ba iska, amma zanen ya cika. Suna isa gaɓa ya ɗago, ba kowa. Sai baƙin ruwan kwance a cikin jirgi.

A gurguje ya jawo jirgin kan tirela, ya taka mota. Toshiya? Ina ya tuna! Sai a tsakar gida ya cire ta, dab da rijiya. Ƙasa ta shanye.

Da safe matarsa Asabe ta ja guga, ta sake shi.

"Malam, zo ka gani!"

Yauƙi ne zalla, ga warin mushe. Aka yashe rijiyar, a banza. Aka sayo ruwan 'yan garuwa, ana zubawa a randa ya juya yauƙi. Manya suka riƙa sha a maƙwabta. Amma 'yarsu Hajjo, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba, ko ina aka kai ta, ruwa na taɓa leɓenta sai ya yi yauƙi. Ta tofar, ta yi kuka har muryar ta dishe. Idanunta suka faɗa.

Kawu ya leƙa rijiya. Daga can ƙasa aka ce, "Ruwana."

"Iya, ƙasa ta shanye."

"Kawo ƙasar."

Ya ɗauki shebur. Yana haƙa yana amai. Taɓon nan mai motsi ya lafta a cikin jirgin da ba a taka wa da takalmi. Ya ja shi dam, ya tura ruwa, ya riƙe igiya da niyyar ya juye taɓon ya ɗauki abinsa. Sai aka fizgi igiyar.

"Iya, har jirgin?"

"Ana mayar da ruwa ba mazubi?"

Ya tuna bakin Hajjo. Ya buɗe hannu. Zanen ya cika, ba iska, jirgin ya yi ta tafiya har ya ɓace masa.

Ya dawo da tirela wayam. Tun daga zaure ya jiyo Asabe na kuka tana hamdala. Hajjo ce riƙe da moɗa da hannu biyu, tana sha ba ta ko numfashi.

Don haka duk wanda na ji ya shiga dam shi kaɗai da rana tsaka, ni zan fara cin ƙaniyarsa kafin Iya. In kuna ganin ƙarya nake, gobe ku miƙa wa Hajjo ruwa. Ga ta nan ta yi aure ta haihu, amma har yau ba ta kai moɗa baki sai ta shinshina.