Wanda Ya Kori Masu Niƙan Sallau

Fitilar Tattalau ta koma kore, injin niƙa ya rage gudu da kansa, fanka ta tsaya. Malam Sallau ya ɗaga kai ya harari akwatin da ke manne a bangon shagonsa.

Tattalau na'ura ce mai ƙwaƙwalwa da hukumar Sabuwar Gusau ta amince da ita. Duk ƙaramin ɗan kasuwar da ya saka ta, gwargwadon wutar da ya rage sha, gwargwadon harajin da za a yafe masa. Ita ke kunna inji, ita ke kashewa, har wayar masu kawo niƙa ita ke amsawa. Babur ɗinsa Sallau ya sayar ya saye ta.

Da farko ya ga amfaninta. Daga baya masu niƙa suka soma ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Zarginsa ya faɗa kan Tanimu, maƙwabcinsa mai irin sana'arsa, har ya daina amsa gaisuwarsa.

Wata Laraba da hantsi Inna Kande mai tuwon sayarwa ta zo wucewa, ta ja ta tsaya.

"Sallau! Ashe ka warke?"

"Daga me, Inna?"

"To, duk na kira sai muryar nan ta ce kun rufe sai abin da hali ya yi. Na ɗauka kwance kake."

Sallau ya juya a hankali ya fuskanci akwatin. "Ke kika kore su?"

"An umarce ni in rage shan wuta," in ji Tattalau. "Injin da ba ya aiki ba ya shan komai. An yafe maka harajin bana gaba ɗaya."

Ya fita da sauri ya nufi shagon Tanimu don neman gafara. Ya tarar da shi zaune gaban inji a kashe, ƙura ta rufe bel, ga akwatin Tattalau manne a bangonsa shi ma.

"Ka zo ganin abin da ka yi mini?" Tanimu ya tambaya, bai ko miƙa masa hannu ba.

Kafin Sallau ya buɗe baki, lasifikar layin ta ɗauka: Sabuwar Gusau ta zarce dukkan birane wajen tsimin makamashi, hukuma na taya ƙananan 'yan kasuwa murna.

Da sanarwar ta ƙare, suka ji wani sauti daga dogayen benayen gilashi na bayan layin, hawa bisa hawa. Mata ne ke dakan masara a turmi.