Wanda Ke Riƙe wa Kawu Lisi Sitiyari

Ƙarfe biyar da rabi na yamma bas ta ɗauke mu daga sansanin ma'aikata zuwa ramin tama, kamar kullum. Darenmu na goma sha ɗaya ke nan a jere, saura uku mu hau jirgi mu koma birnin Perth hutun mako guda. Rana ta yi ja a bayan duwatsu. Cikin bas ɗin warin dizal ne da zufa da kofi.

Sunana Kerryn. Aikina zama a ɗakin kula da motoci, gabana alluna shida da oba-oba, ina gaya wa direbobin tifa inda za su ɗauko da inda za su zubar. A kowace tifa akwai kyamara da ke kallon idon direba. In ya lumshe ido ya daɗe, kujerarsa ta girgiza, ni kuma ƙararrawa ta buga a wurina.

Kusa da ni Kawu Lisi ne zaune. Lisiate sunansa, mutumin tsibirin Tonga, amma duk ramin nan Kawu muke ce masa. Shekara goma sha bakwai yana tuƙin dare. Da na fara aiki ƙato ne mai dariya kamar tsawa, shi ke rera mana waƙoƙin coci a bas. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura har ba ya ɗaure igiyar takalmi, idonsa jajir, hawan jini da suga duk sun haɗu masa.

Na ce, "Kawu, ka samu barci kuwa yau?"

"Na dai kwanta, ɗiyata. Na liƙe taga, na toshe kunne. Ido ya ƙi."

Gavin, shugaban aikin dare, ya juyo daga kujerar gaba. "Jiki sabo yake yi. Ni shekara ashirin ina dare, ga ni garau."

Petra mai katafila ta ce, "Garau? Kai da kake haɗiyar ƙwaya huɗu kafin ka sa wando?"

Aka yi dariya. Kawu Lisi ya buɗe gwangwanin lemon hana barci na uku, ya zuba masa a cinya. Bai ma lura ba.

Har ƙarfe biyu na dare ba abin da ya faru. Motoci goma sha tara suna hawa suna sauka. Ni kaɗai ce a ɗakin, Gavin ya gangara can ƙasan rami duba wata mota da ta mutu, tafiyar minti ashirin. Na'urar sanyi na ƙugi. Cikina na ci da wuta, don ni ma shekara shida na dare sun bar mini gyambon ciki.

Biyu da kwata na ga tifa ta goma sha huɗu ta baro ƙasan rami da lodi, za ta hau juji inda ake zubar da baraguzan dutse. Motar Kawu Lisi ce. Haka kawai na danna kyamararsa, don in tsokane shi.

Barci yake yi.

Ba gyangyaɗi ba. Haɓarsa a ƙirji, bakinsa a sake, hannayensa biyu a kan cinya. Ƙararrawa ba ta buga ba. Kujera ba ta girgiza ba. Motar kuwa, mai nauyin gidaje, tana hawa tudu a nutse, tana bin hannunta.

Na ɗauki oba-oba. "Goma sha huɗu. Kawu. Kawu Lisi, tashi!"

Shiru, sai shuuu ɗin rediyo.

Gabansa akwai kwana mai kaifi, gefenta rami. Na miƙe tsaye. Ina kallo sitiyari ya juya a hankali, motar ta sha kwanar sumul.

A nan na ga hannun.

Ta gefen hoton ya shigo, daga kujerar da mai koyon tuƙi ke zama. Siriri, dogo, yatsun sun zagaye sitiyarin har sun haɗu sun wuce. Kyamarar dare ba ta nuna launi, komai fari ne da toka. Hannun dai ya fi fatar Kawu haske.

Na murza ido. Na ce gajiya ce, kowa a ramin nan ya taɓa ganin abin da babu. Na buɗe. Yana nan.

"Goma sha huɗu, amsa mini."

Rediyo ta yi ƙas.

"Ina jin ki, ɗiyata."

Muryar Kawu Lisi ce, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Amma ina kallon bakinsa a allo. Bai motsa ba. Miyau ne ma ke zuba a gefensa.

"Wa ke magana?" na tambaya.

"Yi a hankali. Kar ki tashe shi. Ya gaji."

Na kira Gavin a ɗaya layin. Ya ce kyamara ce ta daskare, in kashe in kunna, yana zuwa. Na kashe na kunna. Da hoton ya dawo, abin ya matso.

Ya jingina kansa da kafaɗar Kawu. Fuskar doguwa ce, ba gashi, ba gira. Idanun manya, a buɗe, kuma ba su da fatar rufewa. Ba ƙiftawa. Kyamarar yake kallo. Ni yake kallo.

Na ji wani wari ya cika ɗakin, irin na matashin da aka daɗe ana zufa a kai ba a wanke ba.

Ba ni da maɓallin tsayar da mota daga inda nake. Ba ni da komai sai murya. Tsakanina da juji kilomita huɗu.

Na ce, "Don Allah ka tsayar da motar."

"Na daɗe ina riƙe masa," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Dare da dare. Yau zai huta gaba ɗaya."

Motar ta hau saman juji. Ta yi kwana ta juya baya ga bakin gangare, yadda ake yi in za a zubar. Daga bakin nan zuwa ƙasa mita sittin ne, abin da ke tare mota kawai tudun ƙasa ne da katafila ke tarawa. Na ji ƙarar ribas ta rediyo. Tit. Tit. Tit.

Ba ta rage gudu ba.

Petra na can saman juji da katafilarta. Na danna layinta, ina ihu. "Petra! Goma sha huɗu! Kawu barci yake, ba zai tsaya ba!"

"Me? Ai ina ganin..." Sai ta ce da wata irin murya, "Kerryn, su biyu ne a ciki."

"Yi hon! Yi wani abu!"

Na ji hon ɗinta ta rediyo, dogo, ba sassautawa. Kawu bai motsa ba.

Tit. Tit. Tit.

Mita talatin.

Na kira sunansa na gaskiya. Na kira sunan matarsa Mele. Na kira sunan jikarsa. Ina kuka ina dukan tebur.

Mita goma sha biyar.

Abin ya ɗaga ɗaya hannun ya rufe wa Kawu kunne, a hankali, kamar uwa.

"Ke ma kin gaji," ya ce.

Wani barci mai daɗi ya taso mini daga tafin ƙafa, irin wanda na shekara shida ban ɗanɗana ba. Idona ya fara rufewa. Na ciji harshena har na ji gishirin jini.

Mita biyar.

Sai hoton ya yi tsalle, ƙara ta cika rediyo kamar an kifar da dutse. Petra ce ta saka wuƙar katafila a gindin tayar baya ta danna. Motar ta karkace. Taya ɗaya ta haye tudun ƙasar, ta tsaya tana lilo a sarari.

Kan Kawu ya bugi gilashi. Ya buɗe ido.

Kujerar gefensa ba kowa.

Sai a lokacin ƙararrawar ta buga.

Da ƙafarsa ya sauko matakalar motar, amma yana taka ƙasa ya zube. Petra ta ce bakinsa ya riga ya karkace. Kafin asuba jirgin likitoci ya ɗauke shi zuwa Perth.

Da safe aka duba hoton, ni da Gavin da wasu mutum biyu daga ofis. Kawu ne shi kaɗai, yana barci, sitiyari na juyawa. Suka ce gwiwarsa ce ke tura shi. A rikodin ɗin rediyo muryata ce kawai, ina roƙon wanda ba ya amsawa. Aka rubuta gajiya. Petra ta faɗi abin da ta gani, aka ba ta hutun kwana uku. Gavin bai kalle ni ba har muka fita. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ce, "Ki bar maganar nan, Kerryn. Ni ma ina da yara." Ban gane me yake nufi ba, bai kuma ƙara ba.

Na je duba Kawu a asibiti ranar hutuna. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mele na ba shi rogo da madarar kwakwa a cokali. Ta ce likita ya tambaye ta shekara nawa yana aikin dare, da ta faɗa sai ya ajiye biro, ya ce jijiyoyin mijinta na ɗan shekara saba'in ne. Shekarunsa hamsin da biyu.

Da ta fita wanke kwano ya kama hannuna da nasa na dama. Maganar na fita a murɗe.

"Shekara uku, ɗiyata. Daga biyu zuwa huɗu ban san inda nake zuwa ba. In farka in ga na kai lodi shida, bakwai. Na ɗauka ƙwarewata ce."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Kawu?"

"In faɗa su kore ni?" Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai. "Tambayi sauran. A ɓoye."

Na tambaya. Cikin sauran direbobi goma sha takwas, mutum takwas suka sunkuyar da kai.

Na nemi a mayar da ni aikin rana, aka ce in jira bayan damina. Damina ta wuce. Ina da 'ya'ya biyu da uwa a wuyana, ba inda zan je.

Jiya da muka tashi daga aiki Petra ta dafa ni a layin karin kumallo, tana dariya. Ta ce rabon da ta ji ni cikin nishaɗi kamar daren nan ta manta, wai wajen ƙarfe uku na ba su labari a rediyo har direbobi suna riƙe ciki.

Na yi mata murmushi. Ni ban tuna na ba da wani labari ba. Ban tambaye ta wane labari ne ba.